Zazzaɓin Ɗan Kwana Ashirin

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya bayar, Shi da Ya karɓa. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Lakwaya ta Gwarzo. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata Malama Hadiza ce ta zauna a tabarmata da takarda, na ce mata abin da bakina ya faɗa shi za ki sa, kada ki gyara mini, kada ki rage mini laifi. Mata nake so su ji, musamman irina, kakanni masu wankan jego, mu da muke ganin mun gama sanin jariri.

Haihuwa tara na yi, shida suka tsaya. Jikokin da na wanke ban san iyakarsu ba. A unguwarmu in cibiya ta ƙi faɗuwa ni ake kira, in yaro ya ƙi kama nono ni ake kira. To, ku ji abin da ya same ni a cikin ɗakina.

Rabi ita ce autata. Aurenta a Kabo yake, gidan Sabi'u tela, mutumin kirki marar yawan magana. Da cikinta ya kai wata bakwai aka dawo mini da ita goyon ciki, yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ta sauka wata Laraba da hantsi, tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu. Namiji ne, jawur, mai cikar gashi, kukansa har zaure. Ranar suna mutanen Kabo suka zo da rago, aka raɗa masa sunan marigayi mijina, uban Rabi. Ni ba na iya faɗin sunan nan, sai na riƙa kiransa Mai-sunan-Malam. In na ɗora shi a cinya zan yi masa wanka sai in ce, “Ka dawo ke nan, maigida? Ka makara, ka tarar haƙoran duk sun zube. Ina cefanen?” Mata su yi ta dariya.

Mu asalinmu masu shanu ne. Shanun sun ƙare, mun koma noma, amma kunyar ɗan fari ba mu sake ta ba. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. In za ta ba shi nono ma juya baya take yi. Rabi kuwa ta fi kowa riƙon wannan. Saboda haka yaron nan nawa ne. Ni ke masa wanka, ni ke shafa masa mai, a gadona yake kwana, sai yunwa ta tashe shi in miƙa mata. Ita nata wankan ruwan zafi safe da yamma, da kunun kanwa, da zama a ɗaki har arba'in.

Satin farko lafiya lau. Cibiya ta faɗi tun kafin suna. Na ci gaba da gasa wurin yadda na gada, in ɗumama tsumma a kan kasko in danna, in bi da man shanu. A ƙarshen sati na biyu na ga gindin cibiyar ya yi ja, yana ɗan tsatstsafo da ruwa, da ɗan wari kaɗan. Na sha ganin haka. Na ƙara gashi, na wuce.

Ana nan, ana nan, ranar Talata da ya cika kwana ashirin, na ɗauke shi da safe sai na ji jikinsa kamar an ajiye shi kusa da murhu. Yana ta ƙananan koke-koke, ba irin kukansa ba. A gidan akwai Asabe, matar ɗana Lawal, ɗanta mai shekara uku bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Na san akwai sauran maganinsa a kan katanga, farasitamol na ruwa, ja, mai zaƙi. Na ce ta ɗauko.

Asabe ta tsaya da kwalbar a hannu. Ta ce, “Inna, wannan fa na manyan yara ne. Ban sani ba ko ana ba wa na goye.”

Na ce, “Ai ranar rigakafi ma na ga ana ba jarirai. Ba cika cokali zan yi ba, rabi ne. Kawo.”

Ta miƙo. Ina so a rubuta wannan da kyau, yarinyar nan ta yi magana, ni ce na take.

Na ɗiga masa rabin ƙaramin cokali, ya lashe. Kafin ruwan wankan Rabi ya tafasa yaro ya yi gumi, jiki ya yi sanyi, barci ya ɗauke shi. Na ji daɗi har cikin raina. Na ce wa Asabe, “Kin gani? Da yanzu mun kwashi mai jego a cikin ruwan sama saboda abin da bai kai ya kawo ba.”

Laraba da safe zafin ya dawo. Na sake ba shi, ya sauka. Da la'asar ya dawo, na sake ba shi, ya sauka. Tsakanin nan barci yake ta yi, ni kuwa ina cewa barcin samun sauƙi ne.

Da yammar nan ina bayan ɗaki ina yi wa Rabi wanka, ina tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi ina fyaɗa mata a baya. Ba ta juyo ba, murya ƙasa-ƙasa ta ce, “Inna, yaron nan fa tun jiya ba ya ja sosai. In ya kama sai ya saki.”

Sai na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Na ɗaga murya yadda Asabe za ta ji daga bakin murhu, na ce, “Iye, Rabi, yau ke ce da bakin maganar ɗan fari? Ku dai 'yan zamani ba ku bar komai ba. Ni da na haifi babban yayanku, har ya yi tafiya ban kalle shi a idon mutane ba.”

Can ta ƙara cewa, “Ko a kai shi a duba.”

Na ce, “Mai jego ta fita kafin arba'in, a wannan marka, sanyi ya shige ta? Ki bar mini mijina, na san halinsa.”

Na ga kunnuwanta kawai, da wuyanta a sunkuye. Na ɗauka na koya mata tarbiyya.

Alhamis da hantsi Sabi'u ya zo daga Kabo a kan babur ɗinsa, da sabulu da nama a leda. Bai fi sa'a ɗaya ba da na ba yaron magani. Ya durƙusa a bakin ƙofa muka gaisa, ya gida, ya damina, ya mai jego, ya mutanen Kabo. Sai da gaisuwa ta ƙare ya ce, kansa a ƙasa, “Inna, an ce jikin baƙon ya ɗan yi ɗumi.”

Na miƙo masa shi, na ce, “Taɓa ka ji.”

Ya sa bayan hannu a goshinsa. Sanyi ƙalau. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Allah Ya saka da alheri, Inna.”

Shi ma ɗan farinsa ne, ga shi a gaban suruka, ba zai tsananta tambaya ba. Rabi tana cikin ɗaki, daga bayan labule ta gaishe shi. Babur yana jingine a ƙofar gida, da mai a cikinsa, rana ta fito, hanya ta bushe. Mutum uku muna kewaye da yaron nan, biyu kunya ta ɗaure musu baki, ni kuwa mai bakin na riga na yanke hukunci. Sabi'u ya sha fura ya hau babur ya koma Kabo.

Juma'a da safe na tsoma shi a ruwan wanka, bai yi kuka ba. Yaron da ruwa bai taɓa taɓa shi ya yi shiru ba. Na duba maɗigarsa, ta kumbura ta yi tauri. Numfashi sama-sama, haƙarƙari na shiga ciki. Ina cikin goge shi sai idanunsa suka juya, hannuwa suka sanƙare, baki yana motsi kamar mai tauna. Na buɗe baki zan ce Asabe ta kawo kwalbar nan, sai na ga hannu ya shigo ta gabana. Rabi ce. Ta ɗauke shi daga cinyata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta rungume shi a ƙirji, ta zura hijabi, ta fita ba takalmi. Lawal ya bi ta a guje ya tare mana mota a bakin titi, ni kuma na biyo su da zane da kwalbar a ƙulle a gefen mayafi.

A asibiti mun tarar da mutane kamar kasuwa. Mai ba da kati ya ce mu bi layi, Lawal ya ce yaro ne ba ya numfashi sosai, mai katin ya ce kowa da ka gani nan ba lafiya ce ta kawo shi ba. Ban yafe wannan magana da wuri ba. Amma Allah Ya jefo wata nas, gajeruwa, mai tsagar Fulani a kumatu, tana wucewa da faranti a hannu. Ta ɗaga zanen ta leƙa, ta ajiye farantin a kan benci, ta ce, “Ku biyo ni, kati ya same mu a ciki.” Ban san sunanta ba. Duk inda take, Allah Ya duba bayanta.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne, bai fi sa'an Lawal ba. Yana duba shi yana tambaya. Ya ce, “Tun yaushe jikin ya yi zafi?”

Na ce, “Yau da safe ne abin ya tashi.”

Rabi ta ce, “Tun Talata.”

Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, “Me aka ba shi?”

Na kwance kwalbar na miƙa. Ya juya ta a hannu, ya tambayi sau nawa, na faɗa masa. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya sa aka fara neman jijiya, sannan ya ja kujera ya zauna daidai ni, ya ce, “Inna, ki saurare ni, don kina da sauran jikoki. Jaririn da bai kai wata uku ba, in jikinsa ya yi zafi, ba a gwada masa komai a gida. A ranar ake kawo shi, ko da yana shan nono, ko da yana wasa. Wannan maganin ba a ba wa ɗan ƙasa da wata biyu sai in mu muka duba shi, muka auna nauyinsa, muka ce a ba shi. Ba shi ya kawo cutar ba. Cutar ta cibiya ta shiga, ta bi jini. Amma shi jariri ba shi da baki, zafin jikin nan shi ne bakinsa. Kwana uku yana kira, ana rufe masa baki.”

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji har yau. In na tashi tana nan, in na kwanta tana nan.

Sun nemi jijiya a hannu ba su samu ba, a ƙafa ba su samu ba, sai da suka aske gefen gashin nan mai kyau suka samu a ka. Aka sa ƙarin ruwa, aka fara allurai. Aka zura masa siririyar roba ta hanci, Rabi tana tatsar nono a kofi ana ɗura masa. Aka sa masa abin shaƙar iska. Sabi'u ya iso kafin a sauko daga masallaci, bai ko cire zaren da ke wuyansa ba. Duk takardar da aka miƙo, shi da Lawal su ruga kemis. Wani maganin akwai, wani sai an shiga gari. Ragon da muke kiwo don Layya a ranar ya bar gidan, ban ko tambayi yadda aka sayar ba.

Asabar da rana wuta ta ɗauke, injin iskar ya tsaya. Aka ce ana neman mai tayar da janareta, ya tafi cin abinci. Ina kallon leɓen yaron yana canza launi, nas ɗin nan tana matsa wata jaka a fuskarsa da hannunta har wuta ta dawo. Bayan nan likita ya ce gara mu wuce Kano, inda ake da kwalbar gilashi da ake sa jarirai a ciki. Ya rubuta takarda, ya raka mu har mota.

A Kano muka tarar ba gado. Muka zauna a baranda daga azahar har bayan la'asar, Rabi tana riƙe da shi, Sabi'u yana riƙe da ledar ruwan a sama, hannu ɗaya in ya gaji ya canza. Da aka sallami wani yaro aka sa namu. Ba a barin kaka ta shiga, sai uwa. Ta taga nake hango shi, ɗan mitsitsi a cikin gilashi, wayoyi sun fi shi yawa.

Wayar Lawal kuwa ba ta huta ba. Wannan ta ce iska ce, a dawo da shi gida a yi masa hayaƙi. Waccan ta ce nonon uwar ne ya yi zafi, a ba ta saiwa. Wata 'yar'uwata ta biyo mu har Kano da rubutu a gora da wani ƙulli, ta ce in faki idon ma'aikata in ɗiga masa ko kaɗan ne. Na karɓi rubutun na ba Rabi ta sha, ƙullin kuwa na mayar mata. Na ce, “Yaya, ni na gama ba yaron nan abu da hannuna.” Ta yi fushi, ta ce asibiti ya shanye ni. Na bar ta.

Lahadi da hantsi Rabi ta fito da wata fuska da na daɗe ban gani ba. Ta ce ya buɗe ido, ya riƙe mata yatsa. A gabana ta faɗa, a gaban mijinta, ba ta sunkuyar da kai ba. Muka yi ta hamdala. Sabi'u ya fita ya sayo mana lemo da gurasa, ranar ce kaɗai abinci ya wuce mini.

Litinin bayan azahar ina zaune a baranda ina jan carbi, na ga ma'aikata suna shiga da sauri. Aka daɗe. Sai Rabi ta fito, hannuwanta a sake, ta zo ta tsaya a gabana. Ta ce, “Inna, ya tafi.” Kwanansa ashirin da shida.

Kafin mu bar wurin na tare likitar da ta duba shi, wata mace mai gilashi. Na ce, “'Yata, don Allah ki gaya mini gaskiya. Da mun kawo shi ranar Talata fa?” Ta ce, “Rai na Allah ne, Inna, ba zan ce miki ga abin da zai faru ba. Amma masu zuwa ranar farko, da yawansu muna sallamarsu.” Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

A Kabo aka binne shi kafin magariba, kusa da kakanninsa. Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwanansa ke nan, mai ceto ne, a yi haƙuri. Na yarda. Ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba, 'ya'ya uku na binne da kaina. Amma waɗancan ban san abin da zan yi musu ba. Wannan kuwa an gaya mini, sau biyu, a cikin gidana.

Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne, in jariri ya tafi jego ba ya tafiya. Saura kwana goma sha huɗu Rabi ta cika arba'in, jikinta ɗanye, dole a ƙarasa wanka. Muka dawo gida. Kullum safe da yamma in hura wuta, in tafasa ruwa, in karyo ganye. Nono ya cika ya yi dutse, yana zuba yana jiƙa mata riga, na ɗaure mata ƙirji da zane tana cije leɓe. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ba ta taɓa cewa Inna ke ce ba. In na kawo kunu ta sha, in na ce juya ta juya. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Wata safiya muna bayan ɗaki, a daidai wurin nan, ganye yana hannuna, na kasa ɗagawa. Na ce, “Rabi, ki yafe mini.”

Sai ta ce, “Inna, ruwan zai huce.”

Na ci gaba da wankan.

To, 'yan'uwana mata, ga abin da na sayo da tsada, na ba ku kyauta. Jariri in bai kai wata uku ba, jikinsa ya yi zafi, ko ya rage shan nono, ko barcinsa ya yi yawa, ko cibiya ta yi ja, kada ku ce bari mu ga gobe. Kada ku ɗauko sauran maganin yayansa, ko rabin cokali, ko ɗigo. Saukar zafi ba warkewa ba ce. Wanda ya haura nan ma, ku bari ma'aikaci ya faɗa muku gwargwadon nauyinsa, kada ku auna da ido irin nawa. Cibiya ku bar ta da abin da asibiti suka bayar. Mai jego ta fita ko kwananta biyu ne, sanyi yana da magani. Ban ce a zubar da kunya ba, da ita aka san mu. Amma uwar da nono yake jikinta ta riga kowa sanin yaro ya canza, in ta cije ta yi magana, ku sani ba ƙaramin abu ne ya buɗe bakinta ba.

Ranar arba'in aka yi mata kitso da lalle yadda aka saba, muka ɗauki 'yar garar da ta samu, ni da Asabe muka raka ta Kabo. Uwar Sabi'u ta tarye mu a tsakar gida. Ta miƙo hannu biyu wajen bayan Rabi, yadda ake karɓar goyo, sai ta tuna, ta mayar da hannun ta kama kafaɗarta. Muna zaune ana gaisawa, Rabi tana tsaye a jikin bango, na lura tana ɗan rausaya, hagu da dama, hagu da dama, irin na mai lallashin yaro. Ba ta san tana yi ba. Ba wanda ya ce ta daina.

Da la'asar muka tashi tafiya. Ta rako mu har zaure. Asabe ta yi gaba, ni na tsaya ina neman takalmina, ina jin nauyin in dube ta. Na riga na sa a raina cewa ko Allah Ya sake ba ta, ba za ta ƙara kawo mini jegonta ba, kuma ba zan ga laifinta ba.

Ta sunkuya ta juyo mini takalmin, ta ajiye a gabana. Tana durƙushe ta ce, “Inna, in Allah Ya sake kawowa, gida zan zo wanka.”

Na zura ƙafa a takalmin.

Ta ce, “Amma in na yi magana, ki ji ni.”

Na ce, “To.”

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, kuma a kansa nake har yau. Allah Ya jiƙan Mai-sunan-Malam, Ya sanyaya zuciyar uwarsa, Ya raya muku naku. Malama, ajiye alƙalamin haka nan.